Layin Wad Ya'u

Lahadi, 2 ga Yuli 2017, bayan la'asar

Jadawalin nan ya sake yi mini tsalle. Da safe yana zaune a wurinsa, ƙarƙashin sallama da bayanin sama. Kalma huɗu kawai na ƙara a bayanin, sai ya tashi ɗungurungum ya koma shafi na biyu, ya bar mini rabin shafin farko fari fat. Na goge kalmomin, ya dawo. Na mayar da su, ya sake tafiya. Sau shida na yi haka ina kallo, har shahina ya huce. Shekara shida ke nan ina buga takardu a ofishin lafiya na mahaliyyarmu, wato ƙaramar hukumarmu, jadawalin da na yi da hannuna ba ya ƙirguwa, ban taɓa ganin mai zuciya irin wannan ba. Wanda na sani, in wuri ya ƙare masa rabewa yake, rabi nan rabi can. Wannan kuwa ko duka ko babu.

Ba ni na yi shi ba. Babban ofis ne ya aiko mana da fom ɗin tun cikin azumi, lokacin da abin nan ya fara. Gurbi huɗu ne: sunan ƙauye, waɗanda ke kwance, waɗanda aka sallama, sai na huɗun, na waɗanda ba su tashi ba. Adadin duka ana rubuta shi a bayanin sama. Kafin ƙarfe goma nake aikawa ta imel, can su buga a takarda, makhzan, ma'ajiyar magunguna, ya raba ledojin ƙarin ruwa da fakitin gishiri da sukari bisa abin da takardar ta ce. Sharaɗi biyu Ustaz Kamal, mudir ɗinmu, shugaban ofis, ya maimaita mini har na haddace: shafi ɗaya, kuma sunan ciwon is'hal ne, wato gudawa. Ɗaya sunan, wanda kowa ke faɗa a kasuwa da murya ƙasa-ƙasa, ba a buga shi. Abin mamaki, ko a littafin nan nawa hannuna ya ƙi rubuta shi.

Kawu Rufa'i ya kira da ƙarfe bakwai kamar kullum. Ƙanin Hajiyata ne, shi kaɗai ke riƙe da shafakhanar Wad Ya'u, ɗan ƙaramin asibitin ƙauyen, shekara goma sha tara. Sai ya hau tudun hafir, inda suke tara ruwan damina, kafin waya ta kama, shi ya sa kullum da haki yake gaisuwa.

"Amani ɗiyata, kin kwana lafiya? Yaya Hajiya? To rubuta: tara, huɗu, babu."

Na ce Allah ya sa na ƙarshen kullum ya zama babu. Ya ce amin, ya kashe.

Litinin, 3 ga Yuli, da hantsi

Sabon salo yau. Ƙauyuka biyu sun shigo lissafi, layi ya zama goma sha bakwai. Sunayen a jere suke bisa haruffan Larabci, don haka Wad Ya'u ne a ƙarshe, tunda harafin wawu yana can kusa da gindi. Ina saka sababbin biyun a wurarensu, sai Wad Ya'u ya ɓace. Na duba shafi na biyu, babu shafi na biyu ma. Na danna kibiyar ƙasa, 'yar sandar rubutu ta gangara ta shige wani wuri da ba na gani, kamar ɓera a rami. Don gwaji na cire layi ɗaya daga sama, sai ga kan Wad Ya'u ya leƙo da lambobinsa cif.

Ashe jadawalin yana da daɓe. Layi goma sha shida yake ɗauka, abin da ya wuce nan sai ya shige ƙarƙashin ƙasa. Yana nan, amma ba a ganinsa. Wa ya yi wannan daɓen, kuma da me?

Goma saura kwata ta yi, ba lokacin bincike. Na tuna da wani khaɗɗi siriri, salon haruffa, da na taɓa sa wa injina daga filasha, lokacin da nake yi wa 'yan unguwa katin biki. Na juya haruffan jadawalin duka zuwa gare shi, layukan suka tsuke, Wad Ya'u ya fito sarari har da ɗan fili a ƙasansa. Na buga, na ƙirga, sha bakwai. Ustaz Kamal ya duba, ya ce "Tamam, ya bitti," wato madalla 'yata, ya sa hannu a kofinmu na ajiya, na aika.

Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Talata, 4 ga Yuli, azahar

Lambobin Kawu: sha ɗaya, uku, ɗaya. Jadawali bai motsa ba yau.

Alhamis, 6 ga Yuli, bayan tashi aiki

Bayan lambobi Kawu bai kashe ba. Na ji iska tana kaɗawa a wayar.

"Ɗiyata, kwana uku ke nan ba mu ga ko kwali ɗaya daga makhzan ba. Leda tara ta rage mini."

Na faɗa wa Ustaz Kamal. Ya kira babban ofis a tsaye, don shi ba ya zama in da su yake magana. Ya fito ya ce, "Sun ce bisa takarda ake rabo, kuma duk wanda ke takarda an ba shi. Hanya ce, ya bitti. Kin san laka."

Na san laka. Baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya taka. Bokis, motar ɗaukar kaya, iyakarta mararraba, daga nan sai tarakta. Maganar ta shiga hankali, na kira Kawu da azahar na faɗa masa, ban same shi ba sai a bugu na biyar. Ya ce to, Allah ya busar da hanya. Ya ƙara da cewa amma kada ya busar da yawa, mutane sun zuba riɗi. Har dariya muka yi.

Juma'a, 7 ga Yuli, da walaha

Hajiya tana faɗa da randa. Tun da na fara jefa ƙwayar kulorin a ciki ta ce ruwan gidanta ya koma warin mustashfa, wato asibiti, ko jabana, gahawarta, aka dafa da shi sai ta ji. Na hana sayen ganyen jirjir da tumatir ɗanye, wannan ma laifi ne. Amma na lura ta daina miƙa hannu in maƙwabta sun shigo, sai ta dafe ƙirji daga nesa.

An kafa rumfar makoki ta biyu a layinmu. Ba wanda ya ce me ya faru, an dai ce kwana ɗaya ya yi.

Hajiya ta tambaye ni, "Me Rufa'i ke cewa?"

"Yana gaishe ki."

Ba ƙarya na yi ba.

Ina tsince wake tunanin daɓen nan ya dawo mini. Na ce, "Hajiya, in abu yana nan amma ba a ganinsa, a ina yake?" Ta ce in dai injin nan nawa ne, ita tun ranar farko ta san da mai zama a cikinsa, in dinga bisimilla kafin in kunna.

Lahadi, 9 ga Yuli, azahar

Na gano shi!

Bayan na aika rahoto na zauna da fom ɗin. Akwai wata alama a sama mai kama da tutar da aka juya, in an danna ta takan tona duk abin da ke ɓoye a shafi. Na danna. Ɗigo-ɗigo suka fito tsakanin kalmomi. Na kai linzami can gefen jadawalin, wajen da ba komai, na latsa, sai ga ƙananan murabba'ai takwas sun kewaye shi. Akwati! Jadawalin ba a kan shafi yake zaune ba, a cikin akwatin rubutu yake, akwati marar bango, shi ya sa ido ba ya ganinsa. Kuma a gefen bayanin sama ga wata 'yar alama kamar ƙugiyar masunta. Akwatin a ɗaure yake da wannan bayanin. In bayanin ya ƙaru da layi ɗaya sai ya turo akwatin ƙasa, akwati kuwa ba ya rabewa, in bai samu wuri ba sai ya ƙaura gaba ɗayansa. Tsallen ke nan. Daɓen kuma gindin akwatin ne.

Na gwada jan gindin ƙasa, sai ya hau kan wurin sa hannu da hatimi. Magani ɗaya ne, a fitar da jadawalin daga akwatin. Na shiga wajen Ustaz Kamal da murnata ina yi masa bayani da hannu. Bai ɗago daga takardunsa ba.

"Yana fita a shafi ɗaya?"

"Yana fita, ya Ustaz."

"Khalas. Fom ɗin sama ne, kada ki taɓa shi."

Na fito. Duk da haka yinin nan da daɗi na yi shi, kamar wadda ta warware kacici-kacici.

Sha huɗu, biyu, biyu. Kawu ya ce da cokali suke bi yanzu, gishiri da sukarin gida.

Litinin, 10 ga Yuli, bayan magariba

Kawu ya kira da yamma, abin da bai saba ba. Mutanen gari sun haɗa mai, sun turo tarakta har mararraba, wani ya shigo gari ya je makhzan da kansa. An ce masa Wad Ya'u ba ya cikin takarda.

Na ce, "Kawu, ba zai yiwu ba. Ni nake bugawa. Kofin yana cikin jakata yanzu haka."

"Ban ce laifinki ba ne, ɗiyata. Abin da aka faɗa masa na faɗa miki."

Na fito da kofin na ƙirga. Sha bakwai. Na sake ƙirgawa. Sha bakwai.

Ba haki kawai na ji a muryarsa ba, amma ban san me zan kira abin ba.

Talata, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Ina aika rahoto na hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa makhzan. Baba Adamu ne ke riƙe da shi, abokin marigayi Babana, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Hajiya, sannan na ce ina so in ga takardar mahaliyyarmu da ake kawo masa.

Ya ciro su daga ƙusar da yake soke su. Tun daga nesa na ga ba tawa ba ce. Kan wasiƙar namu ne, lambobin nawa ne, amma haruffan masu kauri ne, ba siririn khaɗɗina ba. Na bi layukan da yatsa. Sha shida. Ta jiya sha shida. Na yi ta ɗagawa har ta uku ga wata, duka sha shida. Ta biyu ga wata ce ta ƙarshe mai ɗauke da Wad Ya'u.

"Baba, ba ku ga sunan ya fita ba?"

"Na gani mana, 'yata. Ranar har hamdala na yi, na ce Allah ya yaye wa mutanen Rufa'i."

"To adadin da ke sama fa? Ai bai yi daidai da layukan ba."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ni layi nake bi. In karanta suna, in ɗora kwali. Mutumin jiya da ya zo, na ɗauka irin masu zuwa ne su karɓa su sayar, don sun yi mana haka sau biyu." Ya mayar da tabaran ya sake duban takardun. "Kina nufin kwana tara suna nan a kwance?"

Na roƙe shi kwali ko biyu ne. Ya ce kowace leda a ƙirge take, ba ya iya fitar da ita sai da takarda mai sunan gari. "Ki kawo mini ita ko da wane lokaci ne, da hannuna zan ɗora."

Na wuce babban ofis, na tarar an ɗauke kahraba, wutar lantarki, tun sha biyu, kowa ya watse.

Talata dai, bayan magariba

Wa ya goge?

Na yi wani tunani game da irin mutanen da ke zaune a Wad Ya'u, masu harshe irin namu, da irin sunan da akan kira mu da shi in an ga dama. Ba zan rubuta shi ba sai na tabbata.

Amma haruffan nan suna damuna. Mai son goge layi, me zai kai shi canza khaɗɗi? Wa ke da wannan lokacin?

Laraba, 12 ga Yuli, da hantsi

Sara ce ke buga takardun mahaliyyoyi a babban ofis. Tare muka yi ma'ahadin koyon kwamfuta, benci ɗaya. Bakwai da rabi ina bakin ƙofarta. Na ce ta buɗe mini fayil ɗina na jiya yadda ya zo mata, kada ta taɓa komai.

Ta buɗe. Haruffa masu kauri. Sha shida.

Na karɓi linzamin na latsa cikin jadawalin. A sama sunan khaɗɗina ne a rubuce, amma abin da ke shafin ba shi ba ne. Na duba jerin khaɗɗoɗin injinta daga farko har ƙarshe, babu shi. Sai na fahimta. Injinta bai san nawa ba, shi ne ya ari wani ya sa a madadinsa ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Wannan ya fi nawa tsayi da kamar kaurin zare. Zare sha bakwai, layi guda ke nan.

Na latsa gefe, murabba'an nan takwas suka fito. Na kama na ƙasa na ja. Wad Ya'u ya fito. Sha shida, uku, biyu.

Sara ta dafe baki. "Wallahi ya Amani, ni buɗewa kawai nake in buga. Fayil goma sha biyu ne kullum kafin sha ɗaya."

Na ce na sani.

Ba wanda ya goge. Da na samu wanda ya goge, da na san inda zan kai zuciyata. Ni na canza khaɗɗin. Ran uku ga wata, goma saura kwata.

Laraba, bayan la'asar

Na koma ofis ban ko ajiye jaka ba. Na yanke jadawalin daga cikin akwatin, na goge akwatin, na manna shi a kan shafi tsurarsa. Na shiga khasa'is ɗinsa, wajen saiti, na hana rubutu kewaye shi. Na mayar da haruffan irin na kowa. Ya miƙe ƙafa abinsa, ya cika shafin farko, layi huɗu suka gangara na biyu. Na sa layin kanun ya maimaita kansa a saman shafi na biyun, don kada Baba Adamu ya rasa wane gurbi ne wane. Na mayar da shi PDF, wanda ba injin da zai ara masa komai. Duka aikin bai kai minti goma ba. Wannan ma na lura da shi.

Na kai wa Ustaz Kamal.

"Shafi biyu? An ce ɗaya."

"Me ya sa ɗaya, ya Ustaz?"

Ya dubi ƙofa kafin ya dube ni. "Wanda ya ce ɗaya ya san abin da biyu ke nufi."

Na ajiye masa takardar da na karɓo daga Sara kusa da kofinmu mai sa hannunsa. Ya bi su da bakin biro, wannan, sannan waccan. Ya sake bi. Na faɗa masa zancen akwatin da khaɗɗin a taƙaice.

"Akwatin da kika zo mini da maganarsa ran Lahadi?"

"Shi ne."

Ya daɗe yana kallon fanka. Sannan ya sa hannu a shafin farko, ya sa a na biyu, ya buga hatimi a duka biyun. A ƙasa ya rubuta da hannunsa a ba Wad Ya'u kason kwana tara a haɗe. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce a'a. Ya ɗauki makullin motarsa, da kansa ya kai makhzan.

Na kira Kawu in yi masa albishir. Ba ta shiga ba.

Alhamis, 13 ga Yuli, bakwai da rabi na safe

Ba muryar Kawu ba ce. Inna Zainaba ce, matarsa, ita ta hau tudun.

"Amani, ya ce in karanta miki. Sha tara, biyar, ɗaya."

"Inna, ina Kawun?"

"Yana kwance. Gajiya ce."

Na ce ta faɗa masa kwali goma sha biyu na hanya yau. Ta ce za ta faɗa. Ban tambaye ta ko da shi aka ƙirga sha taran ba.

Bokis ta tashi da goma. Sha biyu hadari ya haɗu ta kudu.

Juma'a, 14 ga Yuli, azahar

Kaya na mararraba. Tarakta ta kafe a khor, rafin da ke cika da damina. Ruwa bai ɗauke ba.

Asabar, 15 ga Yuli, bayan magariba

Direban bokis ya kira Ustaz Kamal, shi kuma ya kira ni. Mazan Wad Ya'u sun fito su ashirin da wani abu, sun ɗauki kwalayen a ka, sun ratsa khor ruwa iya ƙirji. Da la'asar suka shiga gari.

Wayar Inna Zainaba a kashe. Hajiya ba ta ci komai ba tun safe, ta ce ba ta jin yunwa. Ban faɗa mata komai ba, ban san wa ya faɗa mata ba.

Lahadi, 16 ga Yuli, da hantsi

Na cika gurbi na huɗu da hannuna. Ustaz Kamal ya ce in tafi gida, Hajiya na bukatata.

Laraba, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Ba hanyar zuwa Wad Ya'u, don haka a nan gidan aka shimfiɗa tabarmi. Rumfa ta uku a layinmu. Jiya aka yi sadaka.

Ran Asabar da hantsi Allah ya karɓi Kawu. Kwalayen suna tsakiyar khor a lokacin. Inna Zainaba ta ce har ranar Juma'a yana daga kwance yana faɗa musu cokali nawa za a ba wane, kuma wa za a fara sa wa leda in ta iso. Jerin da ya bari aka bi. Ta ce mutum shida da aka fid da rai da su sun tashi zaune.

Baba Adamu ya zo, ya zauna can ƙarshen rumfa, aka kai masa shahi bai taɓa ba. Ustaz Kamal ya zo da mutanen ofis, ya ɗaga hannu aka yi fatiha, bai yarda mun haɗa ido ba. Ni ma ban nema ba.

Da mata suka ragu na sami Hajiya a ɗaki tana ninke zannuwa. Na zauna a ƙasa.

"Hajiya, akwai abin da na yi."

Na faɗa mata duka, akwatin, khaɗɗin katin biki, kwana taran. Ban san iya abin da ta gane ba. Ta bar ninkin.

"Ke kika ɓoye garin?"

"So na yi ya fito. A wajena ya fito, a wajensu ya ɓuya."

Aka kira la'asar daga masallaci biyu. Sannan ta ce, "Rufa'i yakan ce a duk Gadarif ke kaɗai ke ɗaukar wayarsa a bugu ɗaya." Ta ɗauki wani zane. "Tashi ki zuba wa baƙi ruwa."

Na tashi na zuba.

Lahadi, 23 ga Yuli, azahar

Na koma aiki. An tura wani sabon ma'aikaci Wad Ya'u, Mahmudu sunansa, da Larabci yake karanto lambobi, da sauri, ba gaisuwa. Bakwai, takwas, babu. Kwana huɗu ke nan a jere babu.

An kira Ustaz Kamal daga sama kan shafi biyun. A tsaye ya amsa, ƙofa a rufe, na ji "hadir, hadir" kawai, wato to, an ji. Da ya fito na tambaye shi ko in koma fom ɗin da. Ya ce, "Ci gaba da biyu." An ce ya je can ran Alhamis da kansa. Bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Na ga dai ya fara kwashe littattafansa daga kanta yana kaiwa mota kaɗan-kaɗan.

Na cire khaɗɗin nan daga injina. Bai rage mini komai ba.

Har yanzu ina son in san wanda ya fara sa jadawalin a akwati. Ba don in yi masa komai ba. Wataƙila so ya yi ya zauna daidai a tsakiyar shafi, ya yi kyau.

Talata, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Ina alwalar asuba abin ya faɗo mini, har na manta ko na shafi kai. Sara ta ce fayil goma sha biyu take bugawa kullum. Fom ɗin ba mu kaɗai aka aiko wa ba.

Na aika rahotona da wuri na tafi wajenta. Na ce ta buɗe mini na sauran mahaliyyoyin. Ta dubi ƙofa, ta tashi ta tura ta, ta jawo mini kujera.

Na farko layi tara ne, akwatin da sauran wuri. Na biyu sha ɗaya. Na uku sha huɗu, na ja gindin duk da haka, ba komai a ƙasa. Na fara jin kunya, ina cewa ko dai baƙin ciki ne ke sa ni ganin rami a ko'ina.

Na huɗu na wata mahaliyya ce ta wajen iyaka. Layi sha shida cif, akwati ya cika maƙil. Na latsa ciki na duba sunan khaɗɗin, wani ne da ban taɓa ji ba, kuma babu shi a injin Sara. Wani bawan Allah a can ya yi dabara irin tawa, wataƙila shi ma ya ji daɗin kansa.

Na haɗa lambobin gurbin waɗanda ke kwance a ka, na dubi adadin sama. Saura talatin da ɗaya.

Na kama gindin akwatin na ja a hankali. Layi ya fito. Na ƙara ja, wani ya fito. Na ƙara, na uku.

Na karanta sunayen a fili. A na tsakiya Sara ta riƙe mini hannu.

"Garin kakata ne."

Ta zazzage jakarta a kan tebur kafin ta sami wayar. Sau biyu tana kuskuren lamba. Ta sa a kunne, muna jin ƙarar shiga mu duka biyu, ɗaya, biyu, uku, har shida. Aka ɗauka.

Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Ku nawa ne a kwance?"

Na jawo takarda da biro.